Goma Sha Uku Cikin Tamanin da Bakwai

Duk wanda ya bi ta bayan firamaren da ke kusa da kasuwar Bukkuyum da hantsi yakan ji ajin Malama Naja'atu tun daga hanya. Ita ce mai aji uku. Takan rubuta labari a allo, ta riƙe sanda tana nuna layi, yara tamanin da bakwai su ɗauka da murya ɗaya, ba mai wuce wani. 'Yan kabu-kabun da ke jiran fasinja a gindin katanga har sun haddace wasu daga cikin labaran. Shekararta takwas tana wannan aiki, kuma iyaye sukan tambayi hedimasta ko ɗansu zai faɗa hannunta idan ya kai aji uku.

Shi ya sa hedimastan, Malam Ilu, bai yi dogon tunani ba ranar da aka ce ya ba da sunan malami ɗaya da zai shiga Zauren Malamai. Zauren ba na gwamnati ba ne. Wata dattijuwar malama ce daga Gummi, Malama Hindu, da wani Malam Uwais na Anka suka fara shi, bayan sun haɗu a wani taron bita suka lura cewa da an tashi kowa sai ya koma ajinsa ya ci gaba da abin da ya saba. Suka ce to bari su riƙa ziyartar juna. A hankali makarantu shida suka shiga, daga Anka da Gummi da Bukkuyum. Sau ɗaya a wata, idan hanya lafiya, sukan taru a makaranta guda, mai masauki ya yi darasinsa kamar kullum, baƙi su zauna a baya suna kallo. Sauran kwanaki kuwa sai saƙon murya a WhatsApp.

Ba ta fi makonni uku da shiga ba zagaye ya zo kanta. Ta sa aka share aji, ta aro benci biyu daga ofis. Baƙi biyar suka zo, suka zauna. Ta rubuta labarin da suka yi mako guda suna yi: Kamilu ya tafi kasuwa, ya sayi gero da wake, ya dawo gida da yamma. Yara suka karanta sau uku, ko tuntuɓe babu. Malam Ilu yana tsaye a bakin ƙofa yana murmushi.

Da aka fita tara, Malama Hindu ta matso. Gajeriya ce mai tabarau, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.

"Malama, in kin yarda, ba ni yara biyar in zauna da su waje. Ke za ki zaɓa."

"Ko waɗanne?"

"Waɗanda kinka fi yarda da su."

Naja'atu ta zaɓi na gaba-gaba, har da Uwani, yarinyar da ke riƙe mata aji idan ta fita. Suka zauna a inuwar dogon yaro. Malama Hindu ta ciro gutsattsarin kwali daga jakarta, ta rubuta kalma ɗaya a kan kowanne, duk daga cikin labarin da ke allo, ta cakuɗa su. Ta ɗaga wanda aka rubuta wa gero ta nuna wa Uwani.

Uwani ta dubi kwalin, ta dubi hannun malamarta kamar mai jiran sanda ta motsa.

"Kamilu," in ji ta.

"Sake dubawa, ɗiyata. Ba sauri muke ba."

Yarinyar ta gyara tsayuwa ta ja numfashi. "Kamilu ya tafi kasuwa, ya sayi gero da wake." Ta kai har ƙarshen labarin da irin muryar da suke yi a aji, idonta ba ya kan kwalin.

Cikin biyar ɗin yaro ɗaya ne ya karanta kalmomi huɗu. Sauran sai dai su canka, ko su yi shiru.

Bayan an tashi makaranta aka zauna a ofishin hedimasta. Dokar zauren ita ce kowa ya faɗi abin da ya ga yara suna yi, kada ya faɗi abin da malami ya yi. Malam Uwais, wani siriri mai saurin magana, ya duba takardarsa.

"Na ƙidaya yara goma sha ɗaya a bencin baya da ba su kalli allo ba tun da anka fara. Biyu ma sun ba shi baya. Amma bakinsu bai kuskure ko kalma guda ba."

Naja'atu ta juyo ta dube shi.

"Watau shekara takwas wasa nike yi ke nan."

"Ba wanda yac ce haka, Malama," in ji Malam Uwais.

"Ba sai an ce ba. Kun taso tun daga Anka da Gummi ku nuna ma hedimastana ban iya aiki ba."

"Yara munka zo gani," in ji Malama Hindu a hankali. "Ke ma za ki zo ki ga namu."

Naja'atu ta kau da kai. Ta jira aka yi addu'a, ta raka su bakin ƙofar makaranta saboda kada a ce ba ta da kunya, kafin la'asar kuma ta fice daga zauren WhatsApp ɗin.

Washegari ta yi darasi kamar yadda ta saba, amma idonta ya ƙi zama a allo. Sai ya tafi bencin baya. Ga wani can yana ɗaurin igiyar takalmi, bakinsa na tafiya tare da sauran. Ga wata tana kallon taga. Ta daka musu tsawa, suka juyo, muryar ajin ba ta canza ba.

A rana ta uku ta yanka kwalin sabulu a gida ta rubuta kalmomi. Ba ta gaya wa kowa ba. Niyyarta ta tabbatar wa kanta cewa tsoron baƙuwa ne ya ruɗa yaran. Kullum lokacin tara sai ta kira goma, ɗaya bayan ɗaya, tana sa alama a bayan rajista. Kwana tara ta yi tana wannan. Da ta gama ta ƙidaya, ta sake ƙidayawa daga ƙasa zuwa sama. Goma sha uku ne suka iya karanta kalma idan an raba ta da 'yan'uwanta. Goma sha uku cikin tamanin da bakwai.

Daga nan zama ya gagare ta. Ta bar labari ta koma rubuta baƙaƙe da wasula a allo, yara suka haddace su cikin kwana biyu, a jere, suna rerawa. Ta nuna harafin tsakiya, suka fara daga na farko. Ta gwada duka, ba abin da ya ƙaru sai kuka. Ta gwada riƙe su bayan tashi, iyaye suka aiko a sako su su kai abinci gona. A gida takan ɗora tukunya ta manta. Takan ɗauki waya ta duba inda zauren yake a da, ta ajiye. Har ta fara tambayar wata ƙawarta ko ana ɗaukar ma'aikata a ofishin ƙaramar hukuma.

Wata Asabar ta je gidan mahaifiyarta ta iske ta tana ɓarar wake a tsakar gida. Naja'atu ta zauna, ta tashi ta leƙa randa, ta dawo, ta sake tashi.

"Ke, ko ki zauna ko ki fita," in ji Inna. "Kina sa ni juwa."

Sai ta zauna ta ba ta labarin duka, tun daga kwalayen har zuwa ƙidayar.

"Matar nan ta Gummi, ƙarya tay yi maki?"

"A'a."

"To fushin mi kike?"

"A gaban mutane, Inna. Gaban Malam Ilu."

Inna ta zube ɓawon da ke cinyarta. "Da ɗaki taj ja ki tag gaya maki, da yaran sun iya karatu?"

Naja'atu ta jawo kwandon waken ta fara ɓara.

"Su nasu yaran suna iyawa?"

"Ban sani ba. Ban je ba."

"To kin ji."

Gummi ta so zuwa, amma kunyar dattijuwar ta hana ta. Ta zaɓi Anka. Mijinta Dikko bai so tafiyar ba, don hanyar ba kullum take da lafiya ba. Daga baya ya yarda, da sharaɗin ta bi motar safe da ke cika da mutane, ta kuma dawo kafin la'asar. Ta nemi izinin kwana ɗaya wurin Malam Ilu ba tare da ta ce masa ga inda za ta ba.

Ranar Juma'a ce. Motar ta tsaya a shinge uku. Akwai wani wuri da gonaki suka ƙare daji ya fara, nan kowa a motar ya yi tsit, direba ya kashe rediyo ya ƙara wuta. Sai da aka hango rufin kwanon gari sannan hira ta dawo.

Tun daga nesa ta gane ajin Malam Uwais, domin ya fi kowanne hayaniya. An ture bencina jikin bango. Yara sun kasu uku a kan tabarmi. Na can ciki suna karanta wasu gajerun labarai da aka rubuta da hannu a takardu, biyu-biyu. Na tsakiya suna da tulin murafen kwalbar lemo, an rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowanne, suna jera su suna haɗa kalma, suna musu. Na bakin ƙofa su goma sha biyu ne, shi Malam Uwais yana durƙushe a tsakiyarsu.

Ya ɗago ya gan ta, bai nuna mamaki ba.

"Malama, sannu da hanya. Ga benci can."

Ta zauna har aka fita tara. Sannan ya zo ya tsaya nesa kaɗan da ita yana kaɗe alli daga rigarsa.

"Na ƙidaya nawa," in ji ta. "Goma sha uku."

"Kin fi ni. Ni bakwai nis samu cikin sittin da huɗu. Ni Malama Hindu taf fara yi ma wannan aikin na kwali, kuma ni nig gayyato ta da kaina. Wata biyu ban ɗauki wayarta ba."

Ya bayyana mata yadda ake raba aji: ba da shekaru ba, ba da wayo ba, sai da abin da yaro ya iya yau. Mai harafi da mai harafi, mai gaɓa da mai gaɓa. Duk bayan mako biyu a sake gwadawa, wanda ya motsa ya matsa gaba. Labaran da na can ciki ke karantawa malaman zauren ne ke rubutawa, a ɗauki hoto a tura, kowa ya kwafa.

"Amma waɗannan na bakin ƙofa sun gagare ni," in ji shi. "Wasunsu iyayensu daga wajen Tungar Daji sunka taso, inda anka daka dutsen zinariya cikin gidaje. Ma'aikatan asibiti sun ce ƙurar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ban san wane ne ta taɓa wane ne ba ta taɓa ba, kuma ba ni tambaya. Abin da nis sani, abin da munka koya ran Juma'a, ran Litinin babu shi. Na kai maganar zaure sau uku."

Naja'atu tana sauraronsa, amma idonta na waje. 'Yan mata huɗu daga cikin na bakin ƙofar suna wasan tafa hannu a baranda, suna wata waƙa mai tsawo, baiti bayan baiti, ba wadda ta ɓata.

"Malam, waccan waƙar wa ya koya masu?"

"Wa ya sani. Ta unguwa ce."

"To ai suna riƙewa. In abu yana da kiɗa suna riƙe shi. Ni wannan ɗai na iya, shi ne ma yak kai ni inda nike." Ta nuna tulin murafen. "Ba ni murafe huɗu in gwada wani abu."

Da aka dawo aji ta durƙusa cikin sha biyun da murafe huɗu masu gaɓoɓin ka, ki, fi da ra. Ta sa musu tafi: biyu a cinya, ɗaya a hannu, a na huɗu ta ɗaga murfi su faɗi abin da ke ciki. Sai dai ba ta bin jeri. Wani lokaci ta ɗaga ra sau biyu, wani lokaci ta yi kamar za ta ɗaga ki ta ɗaga fi. Wanda bai duba ba sai ya faɗi daban, sauran su yi dariya. Ba a jima ba duk idanu suka koma kan hannunta. Sannan ta fara ɗaga biyu a jere, ki da fi, ra da fi. Wata yarinya ta tsaya cak da tafin ta ce, "Kifi. Malama, kifi ne."

Malam Uwais yana ɗauka da waya.

"In sa a zaure?"

"Ai na fita."

"Sai in mai da ki."

Tana cikin mota a hanyar komawa saƙon Malama Hindu ya shigo. Ba ta ambaci abin da ya wuce ba. Ta ce, "Sannu da dawowa, Malama Naja'atu. Na gani. Kada mu yi murna tukuna, Uwais shi gaya muna ran Litinin ko sun riƙe." Ranar Litinin da azahar ya turo: bakwai cikin sha biyu sun riƙe gaɓoɓin huɗu. Biyar sun manta.

A Bukkuyum kuwa sai da ta sha fama da Malam Ilu.

"Manhaja ta ce 'yan aji uku su karanta labari," in ji shi. "In jami'i ya zo daga ofishin ilimi ya iske su suna wasa da murfin kwalba, mi zan ce mai?"

"Ranka ya daɗe, ka miƙa mai kwali biyar shi gwada su da kainai."

Ta buɗe bayan rajista ta nuna masa alamomin. Ya daɗe yana dubawa. Daga ƙarshe ya ba ta awa ɗaya ta farko kowace safiya, zuwa ƙarshen zango, ya ce sauran lokaci a bi manhaja.

Makon farko ba a cewa komai. Ita kaɗai, ƙungiya uku, yara tamanin da bakwai. Idan tana wajen masu harafi, masu gaɓa su kaure da faɗa. Murafen da ta tara daga mai shagon tasha rabinsu suka ɓace a aljihun yara. Malamin aji huɗu ya aiko a rage surutu. Kullum bayan tashi sai ta tura saƙo zaure, wani lokaci har uku. Wata malama daga Gummi ta ce ta raba sha ukun nan su zama masu kula da ƙananan da'ira, amma ta riƙa sauya su don kada su ma su tsaya. Wani daga ɗaya makarantar ta Anka ya ce ta ƙidaya murafe a gaban yara kafin a fara da bayan an gama. Wasu shawarwarin suka yi aiki, wasu ba su yi ba, ta kuma faɗa.

A mako na uku mahaifin Uwani ya zo. Malam Bilyaminu tela ne, mutum mai karatun allo da na littattafai. Bai zauna ba.

"Malama, yarinya ta dawo gida tana kuka. Ta ce kin ɗauke ta daga gaba kin kai ta cikin waɗanda ba su san komi ba. Laifin mi tay yi?"

Naja'atu ta aika aka kira Uwani. Ta ɗaga mata kwalaye uku a gabansa. Ta karanta ɗaya da ƙyar, gaɓa-gaɓa, biyu suka gagare ta. Sannan ta ce ta kawo labarin Kamilu, ta kawo shi tas.

Malam Bilyaminu ya sallami 'yarsa, ya juyo.

"Ashe babbaƙu ba ta yi ba anka kai ta hadda. A makarantar allo ba a yin haka." Ya gyara hularsa. "Shekara nawa kina koya masu ta wannan hanya?"

"Takwas."

"Waɗancan da sunka wuce fa?"

Ya tafi ba tare da ya yi mata sallama ba. Ranar ta kasa cin abinci, ta yi ta lissafin fuskokin da suka bi ta hannunta, waɗanda yanzu wasu suna sakandare, wasu sun bari.

Taron wata mai zuwa a Gummi ya kamata a yi, ajin Malama Hindu. Ana saura kwana biyu aka tare wata mota a hanya, kowa ya ce a dakata. Malama Hindu ta ce ba za a fasa ba. Ta jingina wayarta a taga ta ɗauki darasinta, ta turo shi gutsure-gutsure. Sabis ya yi ta yankewa, sai da Naja'atu ta kwana biyu kafin ta sauke duka. Ta kalla da takarda a hannu. Darasin ya yi kyau, amma ta lura da abu ɗaya: cikin tambayoyi goma sha tara, goma sha biyar 'yan matan da ke hannun dama ne suka amsa. Na hagu, kusa da bango, har an gama ba wanda ya buɗe baki.

Ta ɗauki saƙo ta goge. Ta sake ɗauka ta goge. Ta zagaya tsakar gida, ta kwashe shanya, ta dawo. A karo na uku ta faɗi lissafin kawai, ta tura, ta kife wayar.

Amsar ta zo bayan la'asar. "Na koma na ƙidaya. Gaskiyarki. Kunnena na hagu ya yi nauyi, ashe can nike ba baya ban sani ba. Gobe zan juya tabarmi. Na gode, ɗiyata."

Ana saura mako biyu a yi hutu ta sake gwada ajinta da sababbin kalmomi. Talatin da ɗaya. Uwani na cikinsu. Ta tura adadin, aka yi ta sa mata albarka. Malam Ilu ya shigo da kansa ya ɗaga wa wasu kwali, ya fita yana gyaɗa kai. Ita kuwa hamsin da shidan da suka rage take gani. Bayan hutu za su wuce aji huɗu, inda ba kwali ba murfi.

Tana cikin wannan ne aka kai hari wasu ƙauyuka na wajen Zugu. Mutane suka shigo Bukkuyum a kan babura, da tabarmi da tukwane, suka rarrabu gidajen dangi. Ranar Litinin Malam Ilu ya shigo ajinta da yara goma sha tara a bayansa.

"Ba inda zan kai su," in ji shi. "Ki yi haƙuri."

Yaran suka zauna a lungu guda, ba su magana. Da aka fara tafi wasu suka toshe kunne. Ta rasa ta inda za ta fara.

Tun ranar ta lura da wani mutum da ke tsayawa a wajen taga, mai furfura kaɗan a gemu, da wata tsohuwar rajista a hammata. Ta ɗauka uban wani ne. A rana ta uku ta fita ta gaishe shi.

"Malam, ɗanka na ciki?"

"Duka sha taran nawa ne. Ni ne malaminsu. Sunana Makau." Ya nuna rajistar. "Wannan ɗai nif fito da ita. Makarantarmu an rufe, ban san ranar buɗewa ba. In na zauna gida sai in ji kamar zan haukace, shi ya sa nike zuwa nan. In na dame ki sai in bari."

"Shigo, Malam. Ni ma hannu nike nema."

Da ya shiga, yaran lungun suka miƙe tsaye. Ya kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake kiran rajista, suna amsawa. Wannan ne karo na farko da ta ji muryarsu.

Lokacin tara ya tambaye ta mene ne amfanin kwalayen. Ta gaya masa, ta kuma gaya masa adadin da ta fara samu, don kada abin ya zo masa ba shiri. Ya ce a gwada nasa. Shi ya ɗaga kwalayen da hannunsa, ita tana sa alama. Biyu ne suka karanta.

Ya zauna a bakin baranda da rajistarsa a cinya. Ta bar shi. Da aka kaɗa ƙararrawa ya tashi ya kakkaɓe riga.

"Malama, murafen nan ina kike samo su?"

Da yamma ta ba da labarinsa a zaure. Malama Hindu ta ce a sa lambarsa, makarantu sun zama bakwai, ko da ta bakwai ɗin ba ta da ɗaki. Malam Makau ya karɓi ƙungiyar masu harafi, nasa da nata a haɗe, yana yi da su a baranda har aka yi hutu. Cikin hutun ma bai tsaya ba, yakan tara su da safe a zauren gidan da ya sauka.

Naja'atu ta yi ta zarya ofishin Malam Ilu tana roƙon a bar ta ta bi yaranta aji huɗu. Ya ƙi. Sai dai ya kira malamin aji huɗun, suka zauna su uku, aka yarda cewa a sabon zango awar farko za a haɗa aji uku da aji huɗu a raba su bisa abin da kowa ya iya. Malamin bai ji daɗi ba, ya ce zai gwada na wata ɗaya ya gani.

Da ruwa ya sauka, wasu daga cikin mutanen wajen Zugu suka ce za su koma su yi shuka, ko me zai faru. Malam Makau ya bi su da yara goma sha ɗaya da buhun murafe ɗaure a bayan babur. Can babu sabis sai an hau wani tudu a bayan gari, saboda haka saƙonsa yakan yi kwana huɗu ko biyar bai zo ba. A irin waɗannan kwanaki Naja'atu takan duba wayarta tsakanin darasi da darasi, ta tambayi 'yan kabu-kabu labarin hanya. Saƙon da ya turo a ƙarshen watan gajere ne, iska na kaɗawa a cikinsa. Ya ce suna lafiya, a masallaci suke karatu da hantsi, biyar sun fara haɗa kalma, kuma yana neman a turo masa labarai masu sauƙi, don waɗanda ya tafi da su yaran sun fara haddace su.